Ƙwallon Auta na Cikin Jaka

Goggon Sabil, Jidda:

Salamu alaikum ƴan'uwa. Jiya Lahadi, 20 ga Yulin 2025, aka tashi daga gasar ƙwallon kwando ta duniya ta ƴan mata ƴan ƙasa da shekara 19, a Birno ta Jamhuriyar Cek. Amurka ta doke Ostireliya 88 da 76, karo na 4 ke nan a jere tana ɗaukar kofin. Su dai sun saba, ba ta tasu nake ba. Yayana nake nema, uban Auta. Amsa-amonmu na yau "wa" ne, wanda ya karya shi shayin Juma'a na kansa.

Da sunan Allah nake buɗewa,
Mai ba da tsawo, Mai ragewa,
Salati ga hasken da ba ya dushewa,
Ɗan Amina, farin cikin Madinawa.

Ƙasa 16 aka tara,
Kowacce ta zo da ƴan yara,
12 cif, ba a ƙara,
Biyar a fili suke karawa.

Namu na Najeriya, baƙin wuri,
Wannan ne zuwansu na fari,
Suka ka da Sin tun da wuri,
Wasan farko, ba jinkirtawa.

Na juya na dubi Autarmu,
Zankaɗaɗɗiyar gidanmu,
Da ta zo hutu ɗakinmu,
Hawaye take ta gogewa.

Yaya, me ƙwallo ta yi maka?
Ka ɗauke ta ka cusa a jaka,
Ka kulle, makulli a aljihunka,
Fito fili, muna sauraren amsawa.

Ɗan Mai Wurno ta Sudan, Jidda:

Hajiya, kafin Alhaji ya ƙaraso bari in sa baki.

Da kika ce Birno sai na ji Barno,
Na ce yau akwai labari a Mai Wurno,
Babarbare ya ajiye kwano,
Ya kama tsalle yana jefawa!

Tsawo dai Sudan ce gidansa,
Manute Bol, Dinka danginsa,
Mita 2.31 tsayinsa,
Da ɗaga hannu yake tarewa.

Aka raba ƙasa, Kudu ta ware,
Ta kwashe dogayen suka tafi tare,
Mu kuma yaƙi ya zo ya share,
Makarantu sun zam wurin fakewa.

Ƴata ta bar aji ba ta so ba,
Filin wasansu ba ta koma ba,
Taka ga fili, ba a rufe ba,
Alhaji, kai ne mai hanawa?

Baban Auta, Jarwal, Makka:

Yanzu na ajiye mota na tarar an kafa mini kotu. To, bismilla.

Haba ƙanwata, har cikin taro?
Kin mai da yayanki abin tsoro,
Ni ba mugu ba ne mai horo,
Tambaya gare ni mai son amsawa.

Singileti, gajeren wando,
Kai ba kallabi, ana bin kwando,
Ana kallo daga nan har Gwandu,
A haka kike so ta yi fitowa?

Ni da nake salla a Harami,
In haɗu da maƙwabci da malami,
Su bi ni da ido, su bi ni da tsegumi,
Wace amsa zan iya bayarwa?

Malama ta Madina:

Alhaji, hujjar nan ta kwana,
Ta sha iska, ta sha rana,
Zauna ka ji tarihi a wurina,
Ba jita-jita nake kawowa.

2014, a Incon ta Koriya,
Ƴan matan Ƙatar sun zo da niyya,
Aka ce su tuɓe lulluɓi gaba ɗaya,
Suka ce a'a, suka yi ficewa.

Gasar Asiya suka bari suka yo gida,
Bilƙisu ta Amurka ma ta sha faɗa,
Ƴar Abdulƙadir, ita ce shaida,
Wasanta ta bari don rufewa.

2017, cikin watan Mayu,
FIBA, hukumar kwando ta duniya, a Hong Kong suka taru,
Aka ce rufe kai ya yiwu,
Daga Oktoba kowa na iya sawa.

Dogon wando, riga har hannu,
Hijabi ɗamau, fuska ta ganu,
Nemo wata hujjar, Alhaji, sannu,
Wannan kam ta yi rushewa.

In ƙara maka ba da waƙa ba: a wannan shekarar ta 2017 ce ma'aikatar ilimi ta nan Saudiyya ta amince da darasin motsa jiki a makarantun gwamnati na ƴan mata. Tun kafin haka ma, a 2003, Lina Alma'ina ta tara mata a Jidda suna buga kwando, abin da ya zama ƙungiyar Jeddah United. Maƙwabtan da kake jin kunya, nasu ƴaƴan na cikin fili.

Ƴar Hindawiyya, Jidda:

Kawu barka da dare, a yi mini afuwa, yau yara ma za su yi magana. Ƴan Najeriyar nan ba daga sama suka faɗo Birno ba. Bara a Firitoriya suka kai wasan ƙarshe na ƴan ƙasa da 18 na Afirka, Mali ta ci su, su biyun suka samu tikiti.

Kawu, ni na ga wasan Auta,
Ran da ajinsu suka fafata,
Mutum biyu aka sa su tsare ta,
Ta bar su tsaye suna dubawa.

Zobe na mita 3.05 a sama,
Sakan 24 ce dama,
Ta ja baya ta auna da dama,
Maki uku, raga na kaɗawa.

Ba tsawo kaɗai gare ta ba,
Dogo da yawa bai iya ba,
Ido gare ta, ba ta rowa ba,
Ta ga ta kusa, sai miƙawa.

Dubi Mali a 2021,
A Debiretsen ta Hangariya,
Suka kai huɗun ƙarshe na duniya,
Karon farko matan Afirka na kaiwa.

Sika Kone tana cikinsu,
Aka sa ta a biyar ɗin gwanayensu,
Amurka ta kira ta gasar manyansu,
Kawu, Auta ma za ta iya!

Goggon Sabil:

Ke! "Iya" ba "wa" ba ce. Ɗoki ya kwashe ki, shayin Juma'a ya hau kanki, ko da ni na haife ki.

Baban Auta:

Malama, na karɓi gyara a kan sutura, ban san an sauya dokar ba. Gaskiya ma dai ba ita ce ainihin damuwata ba, fakewa na yi da guzuma. Ke kuma ƴata, da kika ambaci Mali kin taɓo inda ke mini ciwo. A watan Yunin 2021, wata biyu kafin wannan gasar da kike yabo, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa mai horar da ƴan matan Mali ya daɗe yana neman yaran da lalata. FIBA ta sa aka yi bincike, aka kama shi a Bamako, daga baya aka haramta masa harkar har abada. Tun ranar da na ji labarin nan a rediyon mota bai bar raina ba.

Ba tsallen ne ke ba ni tsoro ba,
Ba wando ya hana ni barci ba,
Ban ce wasan haramun ne ba,
Amana ce nake tunawa.

Yarinya ƙarama a sansani,
Nesa da uwa, nesa da masani,
Makomarta na hannun wani,
Mai ikon ɗauka da ajiyewa.

In ya ce zo ɗakina da dare,
In ta ƙi, sunanta ya share,
In ta kai ƙara, manya su kare,
Wa ke jin kukan mai kokawa?

Ke kin ga tuta, kin ga tafi,
Ni na ga abin da ke bayan shafi,
Kura da fatar akuya ta fi
Kurar daji iya cutarwa.

Ni direba ne, kullum a hanya,
Makka zuwa Jidda, dare da safiya,
Ko ta gida ba na gani da yammaciya,
Bare ta ƙetare teku da zuwa.

Tara na haifa, ita ce ta ƙarshe,
Ba ta iya musu, ba ta da harshe,
In an zalunce ta, cikinta zai kashe,
Ta haɗiye, ba ta faɗa wa kowa.

Shi ya sa na sa ƙwallo a jaka,
Ba don in ga idonta yana kuka,
Na rasa dabara ne, na yi haka,
Wanda ya fi ni sani ya yi nunawa.

Ɗan Mai Wurno:

Na mai da wuƙata cikin kube,
Na zo da raha, ga shi ta zube,
Uba ya yi magana, sai a dube,
Ba ta dariya ba ce wannan kuwa.

Malama ta Madina:

Gaskiyarka, Alhaji, ban musa ba,
Amma asirin bai tonu da kansa ba,
Yara da iyaye ba su yi shiru ba,
Su suka kai shi ga kamawa.

Kulle ƙwallo ba ya kama kura,
Sai dai ya bar mata sauran yara,
A sa ido, a sa mata su lura,
Uwa ta bi ƴarta wurin horarwa.

Ka ce ba ta da baki, to koya mata,
Abin da ya faru ka zaunar da ita,
Ka ce duk wanda ya nemi taɓa ta,
Kai za ta fara gaya wa.

Rena Wakama ai mace ce,
Mai horar da manyanmu, gwana ce,
Kigali, 2023, shaida ce,
Kofin Afirka ta yi ɗaukowa.

Sai Faris, suka ka da Ostireliya,
Suka ture Kanada daga hanya,
Takwas ɗin Olamfik na duniya,
Ko mazan Afirka sun gaza kaiwa.

Irin su nake so su yi yawa a bakin fili. To daga ina za su fito, in duk mai tsoron Allah ya kulle tasa a ɗaki?

Goggon Sabil:

Yaya, da ka faɗi haka tun farko da ban kai ka kasuwa ba. Ka yafe ni. Amma ka ji.

In dai rakiya ce matsala,
Ni na ɗauka, ba wata wahala,
Abaya, carbi, butar alwala,
Da muciya don mai matsowa.

Bakin fili zan shimfiɗa darduma,
Mai horarwa, ko mace ce ma,
Sai na san asalinta da wurin zama,
Kafin Auta ta fara zuwa.

Ni na goya ta tana ƴar tsito,
Ni na san kukanta kafin ya fito,
Duk wanda ya ce zai yi mata fito,
Da ni zai fara gamuwa.

Baban Auta:

Muciyarki na san ta, tun muna yara na ɗanɗana.

To saura tambaya guda,
A nan aka haife ta, nan ne gida,
Iƙama ta zama ce a hannunmu takarda,
Wace ƙasa za ta buga wa?

Kano sau ɗaya ta taɓa gani,
Tana goye a bayan Uwani,
Hausarta rabi "yalla", rabi "ya'ani",
A can ma ce mata za a yi baƙuwa.

Malama ta Madina:

Wannan ba ta shiga baiti, sai a zube. A dokar FIBA fasfo ake dubawa, ba wurin haihuwa ba. Wadda ta karɓi fasfon wata ƙasa bayan ta cika shekara 16 ana lissafa ta a matsayin wadda aka ba wa ƙasa daga baya, kuma irin wannan mutum 1 tak ake yarda a sa a tawaga. Auta shekararta 14. In fasfonta na Najeriya na hannu tun yanzu, ƴar gida ce cikakkiya, ko da Hausarta ta sha Larabci. Su D'Tigress ɗin ma, tawagar manyan matan Najeriya, da yawansu a Amurka suka tashi, ita kanta Rena can aka haife ta.

Ƴar Hindawiyya:

Kawu, tutar nan kore da fari,
Ta can ma kore ce da fari,
Rigarta ɗaya ce tun fari,
Suna kawai ake sauyawa.

Ɗan Mai Wurno:

Kakannina da ƙafa suka taho,
Bayan yaƙin Burmi, da jaki da buhu,
Har yau a Sinnar ana mana ihu,
"Fallata", mu ma muna amsawa.

Baƙunci ba ya hana noma,
Mun yi auduga a Jazira, mun yi suna ma,
Ta je ta jefa, ta ci, ta koma,
Mai cin kwando ba ta zama baƙuwa.

Baban Auta:

Kun yi mini taron dangi. Shi ke nan.

Fasfo na nan, bara na sabunta,
Jakar na bisa sif, uwarta ta san ta,
Sharaɗi, Goggo ce ƴar rakiyarta,
Hadda kuma ba a taɓawa.

In an kira ta sansani wata rana,
Sai na ga mai horarwa da idona,
In ji wa ke tsaron inda za ta kwana,
Sannan a zauna a yi tattaunawa.

Goggon Sabil:

Madalla Yaya, Allah ya biya,
Saura takalmi, nata ya tsage jiya,
Lamba 44 za ka saya,
In ka shigo Jidda ka yi biyowa.

Baban Auta:

44? La'ilaha illallahu!
Ni da na haife ta, 42 ce ƙafata!

Ƴar Hindawiyya:

Kawu ya karya! Kowa shaida ne, babu "wa" ko ɗaya. Shayin Juma'a ya tashi daga kaina ya koma Jarwal. A sa na'ana'a da yawa, Kawu, a haɗo da tamis mai zafi.