Wace kalma za mu ba "gold rush" da Hausa?

Jama'a, ina neman taimako. Ina koyar da yaran badujala a makarantarmu, sabbin shiga, waɗanda bakinsu bai gama sabawa da ƙaho ba. Mun ɗauko wani gajeren kiɗa da aka tsara wa masu koyo a Amurka, wanda aka gina kan zamanin da suke kira gold rush. Ina so in ba su labarin kafin su busa, sai kalmar ta tsaya min a wuya.

A Janairun 1848 wani kafinta mai suna James Marshall ya hangi ƙyallin zinare a cikin ruwa, inda yake gina injin yanka katako a Kalifoniya. Cikin 'yan shekaru mutum kusan 300,000 suka kwararo, har daga Chaina da Chile. Ma'aikatan jiragen ruwa suka watsar da jiragensu a tashar San Francisco suka nufi tsaunuka. Da yawa sun koma gida hannu Rabbana.

Na fara da "haƙar zinare", amma ba ta zauna min ba. Haƙa sana'a ce da ake yi a tsanake. Su kuwa na farkon tsakuwar rafi suke ɗiba a tasa suna wankewa, kowa na tsoron wani ya riga shi. Wannan gaggawar ce a cikin kiɗan, ganguna na sukuwa kamar dawaki.

Wani dattijo abokin aikina ya ce, "Malam, ai wawaso ne." Na daɗe ina juya maganarsa, don yana da hujja: ƙasar da masu ita, an kori 'yan asalin wurin, an kashe dubbai, kuma wannan ma zan faɗa wa yaran. Sai dai wawaso kan abin da ke zube a fili ake yinsa. Waɗannan sun yi tafiyar watanni ne kan labarin da suka ji.

Shi ya sa na karkata ga "rububin zinare". Irinsa aka gani a Djado, arewacin Nijar, a 2014, lokacin da matasa suka cika motoci suka shiga sahara.

'Yan'uwa na Agadas da Zamfara, ku da kuka gani da ido, me kuke ce masa a can? Ranar Alhamis za mu fara gwaji.