Jirgin yaƙin nan da ke kwance ƙarƙashin teku, gaskiya ne ko haɗi?

Ɗan_Fagge:
Salam 'yan uwa. Jiya da dare na ci karo da wani bidiyo a YouTube, masu ninƙaya suna zagaya wani ƙaton jirgin sama a can ƙasan teku, fukafukansa biyu lafiya lau, injina huɗu na nan, har bindiga ana gani a wutsiyarsa, wai sunansa Black Jack. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Yaya jirgi zai faɗa teku bai tarwatse ba? Mutanen ciki fa, sun mutu ne? Kuma me ya sa ba a ciro shi ba har yau? Don Allah wanda ya sani ya yi min bayani, don yanzu da wannan AI ɗin mutum bai san me zai yarda da shi ba.

Malam_Na_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ba haɗi ba ne ƙanena, jirgin na nan a gabar ƙasar Papua New Guinea kusa da wani ƙauye Boga Boga, zurfin wajen mita 50. Samfurin B-17 ne na sojan Amurka, kamfanin Boeing ya ƙera shi a 1942 lokacin yaƙin duniya na biyu, aka tura shi can yaƙi da Japan. Lambarsa 41-24521, to 21 ɗin ƙarshen nan ita ta jawo sunan, don akwai wani wasan karta na Turawa da ake neman 21 a ciki, sunan wasan aka laƙaba masa.

Wanda ya yi suna da shi wani matuƙi ne Kyaftin Ken McCullar. Su B-17 an yi su ne don su saki bam daga can sama, amma jirgin ruwa ai ba tsayawa zai yi yana jiranka ba, kafin bam ya iso ya kauce, sai su McCullar suka koma saukowa ƙasa-ƙasa dab da ruwa su saki bam ɗin yana tsalle a kan ruwa kamar yadda yara ke wurga faffaɗan dutse a tafki, har ya je ya daki cikin jirgin. Ka duba girman kasadar, jirgi mai faɗin fiffike sama da mita 31 yana nufo bakin bindiga kai tsaye. A Nuwamba 1942 Black Jack ake dangantawa da nutsar da jirgin ruwan yaƙin Japan mai suna Hayashio. Shi McCullar ɗin ya rasu a Afrilu 1943 a wani jirgin daban, wajen tashi.

Tafiyar Black Jack ta ƙarshe kuwa 11 ga Yuli 1943 ce, Laftanar Ralph De Loach ke tuƙi, sun tashi daga Port Moresby, babban birnin ƙasar a yau, cikin dare suka je suka kai hari Rabaul inda sansanin Japan yake, injinan fiffiken dama suka fara ba da matsala, a hanyar dawowa ga hadari ga mai na ƙarewa sun kuma ɓace hanya. Shi ne ya yanke shawarar sauke shi a kan ruwa kusa da gaɓa. Ka ga ba rikitowa ya yi ba, da gangan aka kwantar da shi, shi ya sa hancin ne kawai ya lotse.

UmmuHanan:
Malam baka amsa wadda ni ta fi damuna ba, mutanen fa??

Malam_Na_Tarihi:
Afuwan Hajiya, na yi nisa. Su goma ne kuma duk sun fita da rai, wasu dai da rauni. Mutanen Boga Boga ne suka taimaka musu zuwa tudu suka ba su masauki har aka zo aka kwashe su. Ni nan ne ma ya fi taɓa ni a labarin gaba ɗaya, talakawa masunta da yaƙin ba nasu ba ne, an kawo musu shi har gida, amma suka ga mutane cikin ruwa suka fita ceto. Kuma su ɗin dai su ne suka riƙe labarin shekara 43, don a Disamba 1986 da wani mai nutso Rod Pearce da abokansa biyu suka zo neman wani jirgin daban, mutanen ƙauyen ne suka nuna musu inda wannan ya nutse.

Injiniya_Zinder:
Bari in ɗan sa baki kan maganar cirowa. Jikin jirgin alminiyon ne, ya sha ruwan gishiri sama da shekara 80, a ido kana ganinsa garau amma gishirin ya shige shi, ranar da ka fito da shi iska ta buge shi zai fara cinyewa da sauri sai dai in an yi shekaru ana wanke gishirin, kuɗi ne ba na wasa ba. Ɗagawar kanta ma tana iya karya shi gida biyu. Sannan dokar ƙasar ta ce kayan yaƙin da aka bari na gwamnati ne, akwai wani B-17 da ake kira Swamp Ghost da aka ciro daga fadama a 2006, rigima aka yi sosai kafin a bari ya fita zuwa Amurka. Ni a ganina barinsa can ya fi, mutanen ƙauyen na ɗan samu daga baƙin da ke zuwa kallo, in aka ɗauke an raba su da abin da su suka adana.

Kuma kar bidiyon ya ruɗe ka ka ga kamar wasa, mita 50 ba na ɗan koyo ba ne, 'yan mintuna kaɗan ake yi a ƙasa, iskar da kake shaƙa tana iya juya maka kai kamar maye, fitowa kuma sai a hankali ana tsayawa mataki-mataki in ba haka ba jini ya yi kumfa, ga igiyar ruwa mai ƙarfi a wajen.

Ɗan_Fagge:
Kai Allah ya saka da alheri Malam, Injiniya na gode. Na koma na sake kallon bidiyon yanzu, na ga hancin da ya lotse ɗin, da farko ban ma lura da shi ba. Hankalina ya kwanta da na ji ba kabarin kowa ba ne.