Masu noman waken suya, wa ya taɓa gwada garin nan da ake cakuɗa iri da shi?

Manomin Giwa: Salam jama'a. Dan Allah duk wanda ya taɓa amfani da garin Nodumax ɗin nan na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, bana ina son gwadawa amma kuɗin taki ya riga ya cinye ni.

Ɗan Biu: Wslm Alhaji, ni na gwada. Na jiƙa ƙaro a ruwa na shafe irin, na barbaɗa baƙin garin a inuwa, na shuka a ranar, kunya kaɗan kuma na bari ba magani don in ga bambanci. Da ya fara fure na tuge gindi ɗaya, wlh saiwar duk ƙululai ne kamar ƙwayar dawa, na fasa ɗaya da farce cikinsa ja-ja. Ganyen ya fi na wancan ɓangaren duhu sosai.

Malamar gona: Madalla, jan nan shi ne shaidar ana aiki. Garin bakteriya ne masu rai, rizobiyam, suna shiga saiwa su zauna cikin ƙululan. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce amma shuka ba ta iya cin ta haka, bakteriyan ne ke da wani inzayim, wato sinadari mai hanzarta aiki a jikin halitta, mai suna naitirojines da ke mayar da ita amoniya, shuka ta ci, ita kuma ta biya su da sukari. Oksijin na lalata inzayim ɗin, to jan sinadarin nan shi ke tsare shi. In ka fasa ka ga fari ko kore, ba a aiki a ciki.

Baban Hafsa: Ni fa ban ga komai ba gsky, ƙululai ɗai-ɗai ne kawai. A wani shago na saya a kasuwa, ledar na kan tebur rana na dukanta, kuma na ba shi yuriya sosai don ya tashi da wuri.

Malamar gona: Ayya Baba, zafin rana kashe su yake yi, a sanyi ake ajiyewa, a duba kwanan watan lalacewa kuma. Yuriya mai yawa ita ma hana ƙululai fitowa take, shuka in ta samu a sauƙaƙe ba ta neman su. Takin sufa mai fosfaras za ku sa lokacin shuka, aikin nan na cin fosfaras.

Yar Funtua: Mu abin da muka lura, inda muka zuba takin gargajiya ya fi kyau nesa ba kusa ba, masarar da muka bi bayan waken suyan da ita ma ba ta yi ɗorawa da wuri ba.

Malamar gona: Haka ne Yaya, akwai wasu bakteriyan a jikin saiwa masu fitar da inzayim fosfates, shi ke sakin fosfaras ɗin da ke cikin takin dabbobi shuka ta samu.

Manomin Giwa: Na gode ƙwarai. To Nodumax ɗin zai yi wa gyaɗa da farin wake?

Malamar gona: A'a Alhaji, wannan na waken suya ne. Gyaɗa da wake galibi suna samun nasu a cikin ƙasarmu, ku tuge ku fasa ku gani.