Tanadin gida a Yamai: abin da aka tattauna

'Yan uwa, maganar ta yi tsawo, na tattaro muku ita a taƙaice.

1. Ruwa. Nan kowa ya yarda: bido biyu ko uku na lita 25 su zauna cike, a rufe, a riƙa sauya ruwan. In famfo ya ɗauke a watan Afrilu, 'yan garuwa ma tsada suke yi.

2. Hatsi. A saye shi da kaka, Oktoba zuwa Disamba, kafin farashi ya hau da damina. Wake kuwa a zuba shi cikin buhun PICS mai ruɓi uku, a ɗaure bakinsa tam, ƙwari ba sa rayuwa a ciki, ba sai an sa magani ba. Iyaye mata sun ƙara da kauɗa, busasshiyar kuɓewa, kuka da zogale.

3. Ambaliya. Masu zama kusa da kogi, irin su Saga da Kirkisoye, sun tuna 2020. Takardun haihuwa da na fili a sa cikin leda, a rataye sama. A yashe magudana tun watan Yuni.

4. Gudawa: a haɗa wa mai ita ruwan sha da lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Lambar 'yan kwana-kwana 18.

Inda aka rabu shi ne kuɗi. Wasu sun ce adashi, wasu sun ce a sayi akuya, tana haihuwa. Aka tambaya: wa zai saye ta da tsakar dare in yaro ya kwanta? Ni dai ina tare da masu ɓoye 'yan jikkoki a gida.

Gas ko gawayi, ba a daidaita ba.