Shawarwari ga mai son fahimtar matsayin Cocin PCA kan luwaɗi da maɗigo

A wata tattaunawa da aka yi kan wannan batu, shawarar da kowa ya yarda da ita ita ce kada a rikita coci biyu masu kama da suna. PCA (Presbyterian Church in America, wata ɗariƙar Kiristocin Furotesta a Amurka), wadda aka kafa a Birmingham ta jihar Alabama a 1973, ta riƙe cewa aure tsakanin namiji ɗaya ne da mace ɗaya, kamar yadda babi na 24 na Shaidar Bangaskiya ta Westminster, wato kundin aƙidar da take bi, ya tanada, alhali PC(USA), wato Presbyterian Church (USA), wadda ta fi ta yawan mabiya a Amurka, ta amince da auren jinsi tun 2015.

An fi daɗewa kan rahoton da wani kwamitin PCA ya fitar a 2020 game da al'amuran jima'i, mai ɗauke da bayanai 12. Masu magana sun ja hankali cewa rahoton bai tsaya ga aikata luwaɗi ko maɗigo kaɗai ba, domin ya ɗauki ita kanta sha'awar a matsayin zunubin da ake tuba daga gare shi, ya kuma ce ba hikima ba ne Kirista ya riƙa kiran kansa da sunan wannan sha'awa. Amma wani dattijon ikilisiya ya tunatar, kuma ina ganin yana da gaskiya, cewa shi dai wannan rahoton ya yi kira ga fastoci su nuna tausayi da haƙuri ga masu fama da ita, wurin da masu karantawa a gurguje sukan tsallake.

An kuma ce a tuna cewa rahoton kwamiti jagora ne kawai, ba ya ɗaure jami'an coci kamar yadda kundin dokokinta yake ɗaure su.