486 ɗin marigayi Baba ta ce memori ya cika

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan zaure. Na samu na tada tsohuwar kwamfuta 486 ɗin marigayi Baba. Lissafin shagonsa duk yana cikin Lotus 1-2-3, manhajar lissafi, amma da na buɗe babban fayil sai ta ce memori ya cika, alhali RAM ɗinta megabait 8 ne. Don Allah a ba ni shawara.

Malam Habu: Allah ya jiƙan Baba. Megabait 8 ɗin nan kar ya ruɗe ka. A DOS, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, kowa a ɗaki ɗaya yake kwana, kilobait 640 na farko na memori. Direban linzami, na CD, SMARTDRV mai saurin karanta faifai, duk can suke tsugunne kafin Lotus ya shigo. Buga MEM /C ka ga mai cin wurin.

Sadik: Ka sa HIMEM.SYS da EMM386 NOEMS da DOS=HIGH,UMB a CONFIG.SYS, fayilin saitin tayarwa, su tura direbobin sama da 640 ɗin, shi ke nan.

Malam Habu: A'a Sadik. In Lotus na 2 ne, EMS yake nema, wato ƙarin memori bayan 640 ɗin. NOEMS zai toshe masa ƙofar. Kalmar RAM zai rubuta a maimakon NOEMS.

Anti Ladi: Ɗana, kafin ka taɓa CONFIG.SYS ka kwafe fayilolin Baba tukuna. Ni na ga abin da idona. A 1996 ina buga wa ɗalibai furojet a Samaru da WordPerfect 5.1. Wani mai gyara ya zo ya ce zai ƙara mini wuri, ya tura komai sama, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Washegari ina babi na huɗu na aikin wata yarinya, allon ya daskare, ko maballi ɗaya bai amsa ba. Na kashe na kunna, ta ƙi tashi. Ba ni da fulofin tayarwa, faifan da ake tada kwamfuta da shi. Yarinyar na zaune a benci, rungume da takardunta na hannu, tana hawaye. Kwana biyu muka yi a shagon wata maƙwabciya muna sake bugawa. Ka tanadi fulofin tayarwa, ka ajiye kwafin CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT.

Sadik: Laifin Bill Gates ne, shi ya ce 640 ya ishi kowa 😄

Injiniya Musa: Ya musanta wannan maganar. Tsarin IBM PC na 1981 ne: 8088 megabait 1 kacal yake iya kaiwa, aka ware kilobait 384 na sama wa allo da BIOS.

Sadik: To Injiniya, ka zama lauyansa kenan?

Ɗan Fagge: DOS 6.22 ce a kai, Lotus 2.4.

Injiniya Musa: To danna F8 tana tashi, ka tsallake layin CD. MSCDEX, mai karanta CD, ba ya da aiki a lissafi. In ka kwafe fayilolin, gwada MEMMAKER, mai gyara saitin memori da kansa.

Anti Ladi: Ka kwafe ɗin kuwa?

Ɗan Fagge: Anti, fulofin nake nema. Wa ke da ko guda ɗaya mai kyau a Kano?