Lambar OSPF a cikin MED: a bar ta ko a goge?

Auwal: Salamu alaikum. Layi biyu gare mu zuwa kamfanin da ke ba mu intanet, ɗaya a Gombe, ɗaya a Bauchi. Jiya na zuba hanyoyin OSPF (tsarin da ke zaɓen hanya a cikin cibiyar sadarwarmu) cikin BGP (tsarin da muke sanar da kamfanin hanyoyinmu da shi), sai rautar Cisco ta ɗauki lambar nauyin da OSPF ya ba kowace hanya ta sa da kanta a MED, lambar da ke nuna wa kamfanin ƙofar da muka fi so ya shigo ta ita. Ni a ganina magana ta ƙare: kayan Gombe za su shigo ta Gombe, na Bauchi ta Bauchi.

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Ta ƙare a ina, ƙanina? MED roƙo ne kake yi wa maƙwabci, wato kamfanin. Kafin ya duba shi, sai ya duba fifikon da ya sa a gidansa, sannan tsawon jerin AS, wato cibiyoyin sadarwa masu cin gashin kansu da hanyar ta ratsa. In ya ga dama ma, ya goge lambarka tun a bakin ƙofa.

Hauwa: Malam, a nan ban bi ka ba. Layukan Auwal biyu AS ɗaya suke shiga, kuma a irin haka ne ake gwada MED, ƙaramar lamba ta ci. Da kamfanoni biyu ne, da na yarda.

Malam Bala: To, mun ce sun karɓa. Ranar da masu gyaran titi suka datse faiba a wajen Alkaleri, OSPF zai sake lissafi, MED ya canza, BGP ya aika wa kamfanin sabon saƙo a kan kowace hanya da abin ya taɓa. Layin ya dawo, ya sake aikawa. In yana yankewa yana dawowa fa? Hayaniyar cikin gidanka ka kai wa maƙwabci.

Auwal: Ai wannan canjin nake so, Malam. In hanya ta yi nisa, su sani.

Hauwa: Ka fara duba ko lambar tana faɗin gaskiya. A yawancin rautocin Cisco, in ba ka canza saitin ba, da megabit 100 ake auna nauyin OSPF, don haka layin gigabit 1 da na gigabit 10 duk 1 suke samu. Na taɓa kwana a kan wannan, ga wuta an ɗauke, janareta na tari.

Sani: AIGP fa, wanda ke tara nauyin cikin gida ya ɗauke shi a cikin BGP? An fitar da shi a takardar ƙa'ida ta RFC 7311 a 2014.

Malam Bala: Wannan na AS-AS ɗin da ke hannun hukuma ɗaya ne, Sani. Kamfanin ba naku ba ne. Ni da hannu zan sa MED ɗin: hanyoyin Gombe 50 a ƙofar Gombe, 100 a ta Bauchi, na Bauchi a juya.

Hauwa: Lambar hannu ba ta san faiba ta yanke ba, Malam.

Auwal: Bari in kira su gobe in ji ko suna karɓar MED ɗin ma tukuna.